Shekarar da Na Ce Tara Ne

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, wata ranar Alhamis a tsakiyar zafi, lokacin da na buɗe baki na ɓata wa unguwarmu lissafi. Na san lokacin daidai domin agogon bango yana saitin inda nake zama in yi karatu, kuma a wancan zamanin ni yarinya ce da ba abin da zai faru ban ɗaga kai na duba agogo ba. Kalma biyu kawai na faɗa ta taga. Sai da aka shafe wata uku ana fama da abin da suka jawo, yayana kuma ya yi mako shida bai ce mini uffan ba.

Jikokina biyu ne suka tono mini wannan tsohon zance. Makon jiya sun zo mini yini, suka zauna a falo kowa da wayarsa a hannu, suna gardama kamar za su cinye juna a kan wata ƙungiyar besbol ta can ƙetaren teku, wadda ba su taɓa ganin filinta da ido ba. An gama kakar wasa, wai an sallami wani tsohon mai jifa an ɗauko wani yaro da ba wanda ya san shi. Babban yana cewa bana ƙungiyar ta mutu, ƙaramin yana rantsuwa sai sun ɗauki kofi. Da Larabci suke yi, don Hausarsu a kunne take, ba ta cika saukowa baki ba. Na ce musu da Hausa su bar yaron mutane tukuna, ba a sanin mai jifa sai hannunsa ya gaji. Suka juyo suna kallona. Ƙaramin ya ce, “Sitti, ke kuma ina kika san besbol?” Na yi dariya har sai da na cire tabarau na share ido.

A unguwar Ruwais aka haife ni, a wani lungu da yanzu ko ni ba zan iya nuna inda yake ba. Da na bi ta wajen a mota kwanakin baya, titi na gani mai faɗi da fitilu, na nemi ko da darbejiyar ƙofar gidanmu ban gani ba. Kakanninmu aikin hajji suka zo suka zauna, iyayenmu a nan suka buɗe ido, saboda haka Hausa a cikin gida, Larabci a waje, a bakin ƙofa kuwa sai su cakuɗe. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne sauti. Da safe mai gas yana buga sifana a jikin tukunya tun daga bakin layi. Motar ruwa tana ja da baya tana hon, direban ya leƙo da kai yana faɗa da kowa. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar da ruwa cikin gwangwanin madara, wanda Inna ta ajiye don na'ana'arta, domin ita a wurinta ba a zubar da ruwa ko na inji ne. Tattabarun maƙwabta suna ta kukansu a saman soro, turmin Inna yana amsa musu daga ƙasa. Yanzu ina hawa na huɗu a Bani Malik, tagogi a rufe ruf, ban san sunan wadda ƙofarta ke kallon tawa ba. A da kuwa, in Inna tana son tumatir, zambil take zurawa da igiya ta taga, ta kira sunan duk wanda ke wucewa, kwandon ya dawo da tumatir da labarin unguwa a kai.

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni ce marar magana. In baƙi sun zo sai in gaishe su in sulale. Aikina tsince shinkafa da shanya, kuma duka biyun ina son su, domin ana iya yin su da littafi a buɗe a gefe. Yaya Bashir, wanda nake bi, shi ya kwashe maganar gidan duka. A gidan burodi yake aiki, yana taya wani mutum gasa tamis, wani faffaɗan burodi, kullum da safe ya shigo da shi da zafinsa yana ba da labarin abin da bai faru ba. Shi ke raka ni makaranta in littattafai sun yi nauyi, yana tafe yana cewa wata rana sai an yi hayar jaki saboda ni.

Wasan kuwa Kawu Sani ne ya kawo shi, ƙanin Inna. Direba ne a wani kamfanin Turawa. Duk Juma'a yakan kai 'ya'yan maigidansa wani fili mai shingen waya inda suke wannan wasa, ya zauna a mota yana kallo har su gama. Shekara da shekaru yana wannan zama. Da maigidan zai koma ƙasarsu sai ya bar masa sanda ɗaya, safar hannu biyu, da ƙwallaye a cikin kwali. Bayan gidanmu akwai wani fili da aka ce za a yi gini ba a yi ba. Nan Kawu ya tara samarin unguwa. Aka cika buhunan shinkafa da yashi aka ajiye a kusurwa uku, aka kira su tasha, inda mai duka yake tsayawa kuma aka kira shi gida. Kawu ya ce wanda ya daki ƙwallo sai ya zagaya tasha-tasha ya dawo gida, tsakiyar fili tana hagunsa, kamar yadda ake ɗawafi. Baba Idi tela, wanda shagonsa ke kallon filin, ya ce a ji tsoron Allah a daina kiran gudun yara ɗawafi, a ce zagaye. Aka ce to. Amma duk yaron da ya ruɗe ya yi zagayen a juye, Baba Idi ne kan gaba wajen ihu: “Ya wad, haka kake ɗawafin?” Samari goma sha ɗaya ne suka zama ƙungiyar unguwa, sauran yara kuma a haɗa su su zama abokan karawa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin sha ɗaya. Ƙwallon ƙafa sha ɗaya ne, mun ɗauka duk wata ƙungiya a duniya haka aka halicce ta.

Daga soronmu ana ganin filin tsaf. Ina shanya ina kallo, har wata rana na ga ina ƙirgawa ba tare da na yi niyya ba. Na samo littafin rubutu na ja layuka, kowane saurayi da shafinsa: sau nawa ya tsaya duka, sau nawa ya samu, sau nawa ya daki iska, sau nawa ƙwallo ta zo masa ya cafe, sau nawa ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Shekara uku ina yi. Ba don kowa nake yi ba, kuma ban da Inna ba wanda ya sani. Ita ma cewa take, “Ke dai in an bar ki sai kin ƙirga tattabarun mutane.”

Lokacin sanyi ake wasan. In zafi ya shigo, yashi ya koma garwashi, iskar teku ta zo da danshin da ke manne riga a baya, sai a ɗaure sanda a ajiye. Daga nan sai kakar baki ta kama. A ƙarƙashin tagarmu akwai mirkaz, doguwar kujerar katako mai dogayen ƙafafu, inda maza ke zama bayan la'asar da butar shayi. Yawancinsu ba su taɓa riƙe sandar ba, amma kowa ya san wanda ya kamata ya tsaya a ina. Gefensu Hajiya Kulu take kafa tukunyar balila, tana zuba wa yara wake da tsami a 'yan kwanoni, tana sa baki a zancen ba tare da ta ɗago kai ba. A waccan shekarar gardamar ta fi ta kullum zafi, domin Kawu ya haɗu da wasu 'yan Filibin masu gyaran mota, su kuma sun san wasan tun daga ƙasarsu, suka yi alkawarin zuwa a kara in sanyi ya faɗo. Karon farko ke nan da za mu yi wasa da wanda ba ɗan unguwa ba.

Ranar Alhamis ɗin, Kawu ya jera ƙwallayen dabino a kan faranti, kowane ɗaya yana matsayin saurayi ɗaya. Ina zaune bayan taga ina jin su.

Baba Idi ya ce, “Mahamat zai yi jifa, halas. Yaron nan in ya saki ƙwallo sai ka ji iska ta yi fito.” Mahamat ɗan Chadi ne, dogo, bai daɗe da zuwa unguwar ba.

Hajiya Kulu ta ce, “Iska ce ke fito, ko gilashin mutane ne ke fashewa? Sau nawa aka je ba da haƙuri?”

“Hajiya, ki ji da balilarki.”

“Ina ji da ita, kuma idona biyu. Haruna ɗana fa? Ranar da ya daki ƙwallo ta faɗa cikin gidan burodi, kana ina?”

“Ina nan. Na ga dukan, na kuma ga gudun. Kafin ɗanki ya kai tasha ta ɗaya an kira magariba.”

Aka fashe da dariya. Wani ya ce 'yan Filibin gajeru ne, ba za su iya da Mahamat ba. Wani ya ce gajarta ba ta hana ganin ƙwallo, ya ga yadda suke kwance injin mota da ido ɗaya. Kawu ya tura ƙwallayen dabino biyu can bakin faranti ya ce, “Bashir da Haruna a nan, bayan na baya, kamar kullum.”

A cinyata akwai wani ƙaton littafin Larabci mai bayanin wasannin duniya, wanda malamarmu ta bar ni na aro don hutu. Tun safe na iso shafin besbol, na ga zanen fili da 'yan mutane a tsaye, na ƙirga su sau uku. Na leƙa ta tsakanin katakon taga na ƙirga ƙwallayen dabinon Kawu. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, “Tara ne.”

Duk suka ɗago kai. Baba Idi ya ce, “Wa ke magana?”

Kawu ya ce, “Auta ce.”

“Auta tana magana?”

Da na ga ba hanyar janyewa, sai na sa littafin a zambil na zura musu. Baba Idi ya gyara tabarau, ya bi zanen da yatsa yana ƙirgawa a fili, ya sake, ya karanta layin da ke ƙasa. Sannan ya rufe littafin a hankali ya ce, “La haula. Sani, shekara uku muna wasan da ba shi ba. Da yanzu 'yan Filibin sun zo sun same mu da ƙarin mutum biyu kamar masu zuwa walima.” Kawu ya kurɓi shayi ya ce, “To, ƙila idona ne.”

Daga wannan yamma gardamar ta yi haƙora. A da ana faɗa ne a kan inda kowa zai tsaya, yanzu kuwa a kan mutum biyu da za su fita. Baba Idi ya kafe a kan cewa ba za a yi wa unguwa dariya ba, tara littafi ya ce, tara za a fitar. Zancen ya bar mirkaz ya hau soraye, mata suna shanya suna jefa wa juna ta kan katanga. Ya shiga gidan suna, ya shiga layin burodi. Kowace uwa ta gano cewa ɗanta ne ginshiƙin ƙungiya. Kwanoni suka fara sintiri zuwa gidan Kawu, yau masa, gobe ƙosai, jibi dambu, har matarsa ta ce ta huta da girki, Allah ya ƙara tsawon zafi. Samari kuma in rana ta yi sanyi sai ka gan su suna jifan bango da duk abin da suka samu, kowa yana satar kallon mirkaz ya ga ko an lura da shi. Ana cikin haka Hajiya Kulu ta ce a gaban Inna ai ba wanda zai iya tuna wa ya yi me a shekara uku, son kai kawai za a yi. Inna, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya riƙe abin alfahari. Ta ce, “Ai auta ta rubuta duka.” Kafin magariba unguwa ta sani, kuma an yanke cewa littafina ne zai raba gardama ranar Juma'a ta sama.

Na san abin da ke cikin littafin. Haruna na biyun ƙarshe, Yaya Bashir na ƙarshe, kuma da tazara. Yana son wasan fiye da kowa, wasan ne bai son shi. In ya ɗaga sanda sai ya rufe ido, in ƙwallo ta taso sama sai ya ruga ya wuce ta.

Washegari ina shanya sai ga shi ya hau soro, abin da bai saba ba. Ya kama ɗaya bakin zanen gado muka matse tare.

Ya ce, “Auta, da gaske kina rubuta mu?”

Na gyaɗa kai.

“Ni ina nake?”

“Kana ciki.”

“Na san ina ciki. Sama ko ƙasa?”

Na shiga neman abin maƙale shanya a cikin gwangwani, alhali yana hannuna.

Ya ce, “Ɗayyib. Da fensir kika rubuta ko da biro?”

“Da biro.”

Ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Ke ma dai,” ya sauka.

Ba zan ɓoye ba, na gwada. Na samo sabon littafi na fara kwafewa, da niyyar in ƙara masa duka kaɗan nan, cafewa kaɗan can. Na kai shafi na huɗu sai na ga cewa in na ɗaga shi, dole wani ya sauko, kuma wanda zai sauko Isiyaku ne, wanda ƙanwarsa ke zama kusa da ni a aji tana ba ni rabin sandwicinta. Na yage shafukan. Na koma tsohon littafin ina ta juya shi ko zan ga wani abu da na manta. A nan na lura da abin da ban ja wa layi ba. Yaya Bashir ne ya tsince kwalabe da ƙusoshi daga filin kafin a fara wasa a cikinsa. Shi ke cika buhunan yashi duk shekara. In ƙwallo ta yage shi ke kai ta shagon Baba Idi ya zauna ya ɗinke da zaren takalmi. Duk na gani daga soro, ban rubuta ko ɗaya ba, domin ban ɗauka abin ƙirgawa ba ne.

Haushina sai ya koma kan Kawu. Da ya ƙirga daidai tun farko, da ba a kai nan ba. Ya shigo gaida Inna, na tattara ƙarfin hali na tare shi a tsakar gida na ce, “Kawu, yaya aka yi ka ga sha ɗaya?” Ya ce shingen dogo ne, shi kuma gajere. Na ce ai shingen waya ne. Ya juya wajen Inna ya ce, “Yaya, 'yar nan taki alƙali za ta zama,” ya sa takalmi ya fita. Na sake tambaya bayan kwana biyu, ya ce gilashin motar ne ke ƙara mutane.

Ranar Juma'a bayan la'asar mirkaz bai ɗauke jama'a ba, har da masu zama a kan bulo. Na zura littafin a zambil. Baba Idi ya karanta daga sama, suna bayan suna. Duk wanda aka kira sai danginsa su yi shewa. Da ya zo kan Mahamat ya karanta yawan waɗanda ya fitar da jifa, sannan ya tsaya ya ce, “Har gilashin da ya fasa ta rubuta, da sunan masu gidajen.” Hajiya Kulu ta ce, “Karanta, karanta da ƙarfi!” Amma da aka kai na tara ba a kira Haruna ba, sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce littafi ba shi da kunne, bai ji ƙarar dukan ɗanta ba, kuma daga yau duk mai son ƙarin tsami ya je littafi ya ba shi. Yaya Bashir ya miƙe yana murmushi ya ce, “Halas, jama'a, littafi ya faɗa. Yalla, Haruna, mu je mu huta, mun yi wa ƙasa aiki.” Aka yi dariya, aka tafa masa. Ni kaɗai na ga bai ɗago ya kalli taga ba.

Bai yi mini faɗa ba, bai ɓata fuska ba. Magana kawai ya ɗauke. Da safe zai kawo tamis, ya yago gefen da ya fi gasuwa, wanda ya san ina so, ya ajiye a gabana ba tare da ya ce komai ba. Da aka koma makaranta yana ɗaukar mini littattafai, muna tafe kamar baƙin juna. Inna ta ce, “Da mai shiru ɗaya gare ni, yanzu sun zama biyu. Ni da wa zan yi hira, da firij?” Jikokina suna da lissafin kowane ɗan wasa a waya, abin da na yi shekara uku ina tarawa su a taɓawa ɗaya suke samu, har da wanda ban san ana ƙirgawa ba. Suna cewa a kori wane, a sayar da wane, bakinsu ko nauyi ba ya yi. Ba laifinsu ba ne. Ba su taɓa karya kumallo da wanda lissafinsu ya kora ba.

Sanyi ya faɗo, 'yan Filibin suka zo wata Juma'a a ƙaramar bas, da huluna iri ɗaya. Unguwa duka ta fito, mata muka cika soraye, aka ciccibo mirkaz aka kai bakin fili. Ina ƙirga su suna saukowa: mutum goma sha ɗaya, kowa da safar hannu. Babbansu ya dubi samarinmu tara, ya dubi Kawu, Kawu ya girgiza masa kai kaɗan, sai mutumin ya ce wa biyu daga cikin nasa su zauna. Na rubuta wannan a gefen shafi, da alamar tambaya.

Abin da suka yi mana a ranar yana nan a rubuce, amma ba zan faɗi adadin ba, domin 'ya'yan waɗanda suka yi wasan suna raye. Jifan Mahamat da ke sa iska fito, su jira suke ya iso su aika shi bayan gidan burodi. Gajerun nan suna zagaya tasha kamar an kunna su. Baba Idi ya fara da ba da umarni, ya koma addu'a, ya ƙare da cewa shi tun farko bai yarda da tara ɗin nan ba. Waɗanda suka fi kowa jin daɗin ranar su ne Yaya Bashir da Haruna. Sun hau mirkaz sun harɗe, kowa da kwanon balila har da ƙarin tsami, suna yi wa namu tsiya da Hausa don baƙi kada su ji. “Isiyaku, buɗe hannun, ba zakka za a karɓa ba!” “Mahamat, gilashi ya fi sauƙin samu, ko?” Can wata ƙwallo ta tashi sama, Mahamat da Isiyaku suka ruga mata tare suna kallon sama, suka yi karo suka zube, ƙwallon ta faɗo tsakaninsu ta tsaya. Yaya Bashir ya miƙe tsaye a kan mirkaz, ya juyo ya fuskanci soronmu, ya haɗa hannu a baki ya ƙwala:

“Auta! Rubuta wannan! Da biro!”

Matan da ke kusa da ni suka bushe da dariya. Ni ma ina dariyar, amma sai da na juya baya na goge fuska da gefen mayafi kafin na iya rubutawa. Da yamma ya shigo gida yana ba Inna labarin wasan, ya mai da karon nan har sau uku, kowane da ƙari, yana juyowa yana cewa, “Ko ba haka aka yi ba, auta?”

Juma'ar da ta biyo aka koma wasan unguwa. Na hau soro da shanya da littafina, na ƙirga waɗanda suka shiga fili. Sha ɗaya. Bashir da Haruna suna can bayan na baya, inda suke tun asali, kuma ko Baba Idi bai ce komai ba. Da aka tashi, Kawu ya shigo shan ruwa. Wannan karon na tsaya a bakin ƙofa yadda ba zai wuce ba. Na ce masa na ga 'yan Filibin sun zo su sha ɗaya, na ga ya girgiza wa babbansu kai, kuma shingen waya ba ya ɓoye mutum, gilashin mota ba ya ƙara shi. Na ce ina son gaskiya, domin saboda ƙirgarsa na yi mako shida ba yaya.

Ya ajiye kofin, ya zauna a kan matakala yana goge gumi da hularsa. Ya ce su 'yan Filibin tun farko ya roƙe su su zo da sha ɗaya, suka yi dariya suka yarda. Da na yi magana ta taga kuwa, gaskiya na faɗa, ba zai ƙaryata ni a gaban maza ba.

Na ce, “To ashe ka sani.”

Ya ce, “Tara ne, auta. Shekara nawa ina zaune a mota ba abin da nake yi sai ƙirga su? Amma ranar da na kawo sandar nan, yara goma sha ɗaya suka biyo ni filin, kowa ya tuɓe takalmi yana kallon bakina. Na ƙirga su sau biyu. Na duba in ga wanda zan ce wa ya koma gida, ban samu ba. Har yau ban samu ba.”